Daga Alƙahira Zuwa Fot Sudan: Azumin Da Yaƙi Ya Rutsa Da Ni Da Maigidana

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kano, na ba arba'in da biyar baya, 'ya'yana duk sun tasa. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a azumin 2023, lokacin da ni da maigidana muka fita neman magani da ziyara, yaƙin Sudan ya rufe da mu. Na daɗe ba na iya zancen sai muryata ta sarƙe. Yanzu da na ɗan samu natsuwa na ga gara in faɗa, musamman saboda 'yan'uwana mata masu bin mazajensu ƙasashen waje.

Sudan ba baƙuwa ba ce a kunnena. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, tana da ƙane da ya bar Kano tun kafin a samu mulkin kai, shi da amaryarsa, da niyyar aikin hajji ta ƙasa. Hanyar alhazan wancan zamani ita ce Maiduguri, a tsallaka Njamena, a bi Abeshe, a shiga Sudan ta Junaina, sai Fashir, sai Ubayyid. Tafiyar shekaru ce. Inda guzuri ya ƙare mutum ya tsaya ya yi ƙwadago, ya tara, ya ƙara gaba. Shi ƙanen Iya ya fara sauka a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi bayan yaƙin Burmi na 1903, daga nan ya gangara gonakin audugar Jazira, waɗanda Turawan Ingila suka buɗe bayan gina madatsar ruwa ta Sannar a 1925. Ya sauke farali daga baya, amma gida kam bai dawo ba. Muna yara akan kawo wa Iya kaset ta hannun alhazai, ta tara mu a tsakar gida a kunna, mu ji tsoho yana gaishe da mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya bai sani ba. Iya ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Bayan zuwan WhatsApp sai zumuncin ya farfaɗo tsakaninmu da babban ɗansa, wanda nake kira Kawu, mazaunin Wad Madani.

Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kwari. Ya san Dubai, ya san Chana, Makka kuwa ba a magana. Ni iyakata Abuja. Mutumin kirki ne, bai taɓa rage ni da ci ko sutura ba, amma irin mazan nan ne da suke ganin kulawa ita ce kada mace ta san komai da zai dame ta. Ban san nawa ne a shagonsa ba, ban san wa yake bi ba, ban san wa ke binsa ba. In na tambaya sai ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai ki yi mana addu'a." Ya shekara fiye da goma da ciwon suga, har ta kai shi ga allurar insulin, kuma ita ma allurar a ɗakinsa yake yi, ƙofa a rufe.

A ƙarshen 2022 idonsa ya fara hazo. Likita ya ce sugan ne ya taɓa ƙananan jijiyoyin bayan ido suna yoyon jini, sai an ƙone su da haske. Abokansa suka ba shi shawarar Masar. Shi ne ya tsara tafiyar yadda za a jefi tsuntsu uku: Alƙahira don ido, Sudan don ni in ga dangin Iya, sannan mu ƙarasa azumi a Harami. Muka tashi a watan Maris, bayan zaɓe, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo mutane na kwana a layin banki.

Alƙahira ta ruɗa ni. Mun kama gida a Madinatu Nasr, ɓangaren da ɗalibanmu da baƙin Afirka suka fi yawa, inda za ka ji Hausa a kantin kayan miya ka juyo da sauri. Gari ne da ba ya barci, kuma direbobinsa da hon suke magana. Tsallaka titi kawai sai da na koya. Wata dattijuwa ce ta ga na daskare a bakin hanya, ta kama gefen mayafina ta ratsa da ni cikin motocin kamar ba komai. A lokacin kuɗinsu ya faɗi, dala ɗaya tana ba da wajen fam talatin, don haka mu masu dala muna ganin araha, su kuma 'yan ƙasa kowa kuka yake da tsadar mai da nama. Mun yi sallah a masallacin Azhar, wanda ya haura shekara dubu, na zauna a farfajiyarsa ina kallon yara 'yan Indonesiya da 'yan Senegal da namu suna bitar karatu a gindin ginshiƙai. Mun shiga kasuwar Khan Halili, Alhaji ya yi ciniki har mai kanti ya tambaye shi sana'arsa. Da azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga Maris, aka rataye fitilu masu launi a kowane lungu, masu hali suka jera tebura a titi, duk wanda magariba ta riska ya zauna ya ci ba a tambayarsa daga ina. Mun kuma hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya na ga teku a karon farko. Iskar ta yi mini sanyi, kifin ya yi daɗi, ba ni da abin cewa fiye da haka.

Abin da ya fi duk wannan amfani a gare ni ya faru ne a wani ɗan ɗaki na asibiti. Bayan an yi wa idon dama aiki, likita ya ce a dawo bayan Sallah a yi na hagu, kada a wuce lokacin, kuma ya ce wa Alhaji kada ya yi azumi. Alhaji ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da na san ma'anarta. Sai ma'aikaciyar jinyar, wata mata mai kauri da faɗa, ta dube ni ta tambaya ta bakin ɗalibin da ke mana tafinta ko na iya yi masa allura. Alhaji ya amsa a madadina, ya ce shi yake abinsa. Ta ce ba shi ta tambaya ba. Ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake huda yatsa a auna suga, yadda ake murɗa alƙalamin allurar, da alamomin da ke nuna suga ya faɗi: gumi, karkarwa, surutai marasa kan gado. Ta ce insulin da ba a buɗe ba wurinsa firji, wanda aka buɗe kuma kada zafi ya dafa shi. Ta tilasta na yi masa allurar a gabanta. Da muka fito Alhaji yana tsokanata, wai yau an yaye likita a gidansa.

Farkon Afrilu muka sauka a Khartum. Ɗan ƙanen Alhaji yana karatu a Jami'ar Afirka, shi ya samo mana gida a Arkawit, kudu da filin jirgi, ba nisa da makarantarsu. Bayan hayaniyar Alƙahira sai Khartum ta zame mini hutu. Zafi ne dai ba kama hannun yaro, ya haura arba'in tun kafin azahar, amma mutanen suna da sanyin hali da kunya irin tamu. Yaron ya kai mu Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, ruwan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su gauraya. Mun tsallaka Umdurman mun ga ƙubbar Mahadi, na sayi turaren wuta da humra a kasuwar, da lafaya biyu. Da dare bayan asham mukan zauna a bakin kogi wajen mata masu shayi, a kan 'yan kujerun roba, Alhaji yana shan gahawa mai citta ba suga yana ƙorafi. Akwai motocin sojoji a wasu mahaɗar tituna, amma da muka tambaya sai aka ce ai an saba.

Ziyarar Wad Madani ta farko gajera ce. Tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, kuma magariba ta same mu a hanya. Kawai sai muka ga mutanen wani ƙauye sun fito tsakiyar kwalta sun miƙe rawani sun tare motarmu. Gabana ya faɗi, na ɗauka 'yan fashi ne. Ashe buɗa-baki suke tilasta wa matafiya. An shimfiɗa tabarmi a gefen titi, ga asida da miya, ga dafaffen wake, ga wani jan abin sha na dawa mai tsami da zaƙi da ba sa azumi sai da shi. Direba ya ce in ka ƙi tsayawa ka ci mutuncin gari guda.

Kawu dattijo ne siriri, tsohon ma'aikacin gonakin auduga, Hausarsa irin ta Iya, da kalmomin da na rabu da ji tun ina yarinya. Gidansa na ƙasa ne, da darbejiya a tsakiya da gadajen igiya a ƙarƙashinta. Na yi kuka, matarsa ta yi kuka, aka fito da hoton ƙanen Iya. Alhaji ya yi ladabi yadda ya kamata, ya ajiye turamen atamfa da ambulan, amma na lura hankalinsa na kan agogo. A mota ya ce mini, "Bayin Allah, suna cikin rashi. In mun koma sai a riƙa ɗan aika musu." Muka dawo Khartum, jirginmu na Jidda ranar Lahadi.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 24 ga azumi, da hantsi ina ninke kaya a akwati, na ji ƙara kamar ana sauke kwanon rufi daga mota. Kafin in kai taga ƙarar ta zama ruwan harsashi, sai jirgin yaƙi ya wuce ƙasa-ƙasa har gilashi ya amsa. Unguwarmu tana kusa da babban filin wasanni inda dakarun RSF, rundunar Hamidti da ba ta cikin sojan ƙasa, suke da sansani, kuma nan na cikin wuraren da aka fara. Rikici ne tsakanin sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun Hamidti, mutum biyu da suka haɗa kai suka kifar da gwamnatin farar hula a 2021 sannan suka saɓa kan yadda za a shigar da dakarun cikin soja. Filin jirgin Khartum a tsakiyar gari yake. Daga saman bene muna hango baƙin hayaƙi yana tashi daga can, aka ce har wani jirgin Saudiyya da ke shirin tashi an harba. Alhaji ya ce, "Kwana biyu ne, za su sasanta." Maƙwabtanmu ma haka suka ce.

Wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya bi ta. Muka kwashe katifa muka koma lungun da ke tsakanin ɗaki da banɗaki, nesa da taga. Ni tunanina bai wuce firji ba. Da na buɗe na ji ya fara ɗumi, sai na tuna faɗan matar nan ta Alƙahira. Mai gadin gidan yana da randa a ƙarƙashin matakala. Na naɗe alluran a leda, na sa a ƙaramin kwano mai murfi, na roƙe shi ya bar ni in ajiye a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar, na lulluɓe da tsumma mai ruwa. Kullum sai na sauko na ƙara jiƙa tsumman, ko ana harbi ko ba a yi. Ruwan da zan yi alwala da shi nake ragewa.

Alhaji bai ajiye azumi ba. Na yi magana, ya ce goman ƙarshe ce, kuma mutuwa na shawagi a kanmu, ba zai gamu da Allah da baki a buɗe ba. Abinci kuma ya ja baya: gidan burodi ya rufe, kantunan unguwa an kwashe, sai abin da wata maƙwabciya tsohuwa take turo mana da jikarta. Wata rana ya yi allurarsa yadda ya saba, sahur ɗin kuwa bai fi loma uku ba. Wajen la'asar na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana kiran sunan yaron shagonsa yana cewa a rufe ƙofa. Na kira shi, ya dube ni bai gane ni ba. Hannuna na rawa na huda yatsarsa, lambar da ta fito ta yi ƙasa ƙwarai. Na tauna dabino na shafa masa a dasashi, na ɗiga zuma, ina salati ina kuka, ana luguden wuta a waje. Da ya fara haɗiya na ba shi ruwan suga kaɗan-kaɗan. Ba likita, ba motar asibiti, ba wanda zan kira. A wannan lokacin abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in mutumin nan ya cika yanzu, ban san inda fasfo ɗina yake ba, ban san lambar buɗe wayarsa ba, ban san ko nawa ya rage mana ba.

Da ya dawo hayyacinsa na bar shi ya huta. Bayan isha na zauna a gabansa na ce, "Alhaji, ka ba ni makullin jakar nan, ka faɗa mini lambar wayarka. Kuma daga gobe ba ka azumi, ka rama in Allah Ya kai mu gida. In zunubi ne a rubuta a kaina." Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zaro makullin daga aljihun ciki ya miƙo. A daren na farke kalmasar siket ɗina na ciki na jera dalolin na ɗinke, na bar kaɗan a jaka saboda masu bincike su samu abin ɗauka.

Sallah ta zo ranar Juma'a 21 ga wata. An ce an tsagaita wuta, amma mun ji kabbarar idi da ƙarar bindiga a tare. Ƙasashe suka fara kwashe mutanensu. Ɗan ƙanen Alhaji ya lallaɓo ya ce ana tattara 'yan Najeriya a jami'arsu, za a kawo motoci zuwa iyakar Masar. A ranar kuma Kawu ya samu layi ya kira. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "'Yata, ɗan'uwanki yana da mota, gobe zai shigo ya ɗauko ku. Kada ki kai mai ciwon suga sahara."

Nan muka yi sa-in-sa mafi zafi a zamanmu. Alhaji ya ce a bi sahun jama'a, inda hukuma take nan ne tsira, kuma likitansa ma a Masar yake. Ni kuma na lissafa: tafiyar kusan kilomita dubu cikin rairayi, bizarmu ta Masar ta shiga ɗaya ce mun riga mun cinye ta, tsinken awon suga saura kaɗan, insulin kuma ba zai jure zafin mota ba. Ya ce, "Yanzu gidan mutanen da ba su da abin kansu za mu je mu ɗora musu nauyi?" Na ce, "Gidan kawuna ne. Ka yi shekaru ina binka ban tambayi ina za mu ba. Yau ɗaya ka bi ni." Yaron ya bi 'yan'uwansa ɗalibai, kuma sun yi kwanaki a bakin iyaka kafin a buɗe musu, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai 3 ga Mayu. Shi da ƙuruciyarsa ya jure. Baffansa da wuya ya jure.

Ɗan Kawu ya iso da sassafe a 'yar ƙaramar motar haya, ya ɗaura farin ƙyalle a madubi. Akwatunanmu muka bar wa mai gadi, da turaren da lafayar da tsarabar Alƙahira duka. Na rungumi kwanon allura a cinyata cikin jiƙaƙƙen tawul. Abin da na gani a titunan Khartum ba zan zayyana shi duka ba. Motoci ƙonannu, kantuna a wangale, da wari da ya sa direban ya ce in rufe hancina in kalli ƙasa. A shingayen hanya yara ne riƙe da bindigogi, wasu ba su kai autana ba. A wani shingen aka sauke Alhaji, aka karɓe wayarsa da agogonsa da kuɗin jaka. Ɗaya ya nuna kwanon da ke cinyata da bakin bindiga. Na buɗe, na ce da guntun Larabcin Islamiyya, magani ne, mijina ba shi da lafiya. Ya leƙa, ya ɗaga hannu muka wuce. Tafiyar da muka yi cikin awa uku a farkon wata, ranar sai da ta cinye mana yini.

Wad Madani ta cika ta batse da mutanen Khartum, makarantu sun zama masauki. Gidan Kawu da muka bari da mutum bakwai ko takwas, yanzu har zaure da mutane: surukai, maƙwabtan surukai, da wata mata da 'ya'yanta da aka tsinta a tasha. Duk da haka aka fitar da gadon Kawu na kansa aka ba Alhaji. Washegari Kawu ya taka da ƙafarsa kantin magani bayan kantin magani har ya samo tsinken awo da insulin, ya kai ajiya firjin wani mai sayar da ƙanƙara. Alhaji ya sa na farke ɗinki na ciro kuɗi ya miƙa masa. Kawu ya mayar da hannunsa ya ce, "Alhaji, mahaifina da ƙafa ya shigo ƙasar nan, ba wanda ya karɓi ko sisinsa. Ka riƙe, hanya na gabanku." Daga baya ta hannun matarsa na bi, na sayi buhun dawa da mai, shi ma sai da ta rantsar da ni kada ya ji.

A ƙarƙashin darbejiyar nan na san mijina. Dare ya yi, kowa ya kwanta a tsakar gida, shi kuma barci ya ƙi zuwa, sai ya fara magana ƙasa-ƙasa. Ya faɗa mini bashin da ke kansa na wani kaya da ya maƙale a tashar ruwa, wanda ya hana shi barci shekara guda ban sani ba. Ya lissafa masu riƙe da kuɗinsa, da filin da ya saya da sunan 'yarmu, da inda takardun suke. Ya ce tun da ido ya fara hazo yake tsoron ranar da za a riƙa jansa da sanda, shi ya sa ya matsa a yi tafiyar nan, yana so ya nuna mini duniya tun yana ganinta. Na samo littafin makarantar wata jikar Kawu na rubuta komai da hasken tocila. Raina ya ɓaci da shekarun da aka rufe ni, tausayinsa kuma ya hana ni nunawa. Na dai ce masa, "Da ka faɗa mini, da mun raba rashin barcin."

Da ƙarfinsa ya dawo muka ji ana kwashe 'yan Najeriya ta Fot Sudan. Muka hau babbar mota ta Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, inda a tasha mai sayar da ruwa ya amsa mini da Hausa. Muka kwana a Kasala, ƙarƙashin duwatsun Taka masu santsi da suka tokare sama, da tsohon masallacin Hatmiyya a gindinsu. Alhaji ya tsaya yana kallonsu da ido ɗaya a runtse, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin irinsu ba. Daga nan hanya ta hau tsaunuka ta gangaro Sawakin, tashar da alhazan wancan zamani suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta nan ƙanen Iya ya tsallaka. Mu kuwa Jidda tana ƙetaren Bahar Maliya, muna ganin jiragen ruwan Saudiyya suna kwasar mutane, amma umararmu ta riga ta wuce. Fot Sudan zafi da gumi, kowace ƙabila ta duniya a zube a ƙasa, 'yan Siriya da 'yan Yaman da suka gudo daga nasu yaƙin suna sake gudu. Mun kwana a tabarma, mun bi layin rubuta suna, ni ke riƙe da fasfo ni ke amsa kira. Cikin watan Mayu muka samu jirgi zuwa Abuja.

Idon hagu bai jira mu ba. Lokacin da likita ya ɗiba ya wuce, sugan kuma ya yi ta hawa da sauka a hanya, jini ya zuba a cikin idon. An yi aiki daga baya, amma abin da yake gani da shi bai wuce inuwa ba. Na daman ne Allah Ya tsare. Ni kuma na yi watanni in jirgi ya taso daga filin jirgin Kano sai in tsinci kaina a tsugune, yaran ajinmu suna dariya ba su san dalili ba. Ran da aka buga wasan wuta a wani biki a layinmu, a banɗaki na kwana.

Abin da ya fi ciwo ya zo a Disambar 2023, da yaƙin ya isa Wad Madani. Mutanen da suka sauke mu su ma suka ɗauki abin da hannu zai iya suka nufi Gadarif. Kawu bai ga ƙarshen gudun ba. Ya rasu a can cikin 2024, a ɗakin aro, hawan jini da rashin magani. Saƙon murya aka turo mini. Alhaji da ya ji, ya shiga ɗaki ya rufe, na ji shi yana kuka irin wanda bai yi ba ko a rasuwar mahaifinsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa aljanna ce makomarsa.

Sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, ɗan Kawu ya koma ya tarar da gidan ba ƙofa ba taga, har wayar wuta an zare daga bango. Motar da ya fito da mu da ita ma an ƙwace tun a hanyar gudu. Yanzu duk wata akwai abin da muke aikawa ta hannun wani ɗan kasuwa, kuma Alhaji ya hana a kira shi taimako, ya ce biyan bashi ne. Ni ke rubuta shi a littafin shago, domin tun da idon ya raunana, duk Asabar nakan je Kwari in karanta masa lissafi, abin da ya sa maƙwabtansa na kasuwa suka laƙaba mini Akanta. Allurar safe da ta dare ni nake yi, azumi kuma likita da malaminsa sun haɗu sun ce ya riƙa ciyarwa, ya karɓa da ƙyar.

Watan jiya ɗan Kawu ya turo hoton sabuwar ƙofar ƙarfe da aka sa, ya ce saura tagogi da kuɗin kafin mota. Alhaji ya ce a fara da motar, tunda ita za ta ciyar da gidan, tagogi a toshe da buhu kafin kaka. Na ce matar Kawu tana da tari, ƙura ba za ta bar ta ba, tagogin ɗakinta dai a sa su yanzu. Mun tsaya a kan tagogi biyu da rabin kuɗin mota, sauran in kayan Sallah sun fita.